Zan kai Baba ƙauye mai ganuwa a kan dutse a Sifaniya: wanne ya fi, kuma yini ɗaya ya isa?

Wani ɗalibi da ke karatu a Balensiya ya aiko da wannan tambaya: "Mahaifina zai kawo mini ziyara ta mako biyu. Shekarunsa 67, kuma mutum ne mai son tarihi. Ina ganin hotunan ƙauyukan nan da aka gina a kan tsauni, masu ganuwa da tsohuwar fada a sama. Wanne zan kai shi? Za mu iya tafiya da safe mu dawo da yamma?"

Ƙanena, Allah ya kawo Baba lafiya, ya kuma yi maka albarka da wannan tunani. Ka kai shi Albarracín, wanda bakinmu zai fi saurin kira Albarrasin, a lardin Teruel na yankin Aragon. Amma batun zuwa da safe a dawo da yamma, ka cire shi daga ranka. Ku kwana. Na daɗe ina bibiyar gine-ginen tsaro na zamanin Andalus, wato lokacin mulkin Musulmi a Sifaniya, na taka garin nan a cikin zafi da cikin sanyi, kuma abin da ya fi damuna shi ne ganin mutane sun sauko daga mota da hantsi, sun yi hoto a lungu biyu, sun ci abinci, sun juya kafin la'asar. Irin wannan zuwan ba ya barin komai a zuciyar mutum sai gajiyar gwiwa.

Akwai wasu ƙauyukan da za a ambata maka. Morella, a arewacin lardin Castellón, tana da fada a kan wani dutse mai kama da malafa, da ganuwa da ta zagaye garin, kuma ta cancanci zuwa. Guadalest tana kusa da Benidorm, ta wani rami da aka fafe a jikin dutse ake shiga tsohon ɓangarenta, sai dai cunkoson 'yan yawon buɗe ido ya yi mata yawa. Can kudu kuma akwai Zahara de la Sierra, wadda dakarun Garnaɗa, wato Granada, daular Musulmi ta ƙarshe a Sifaniya, suka ƙwace a 1481, abin da ya buɗe ƙofar yaƙin ƙarshe da ya kai ga faɗuwar Garnaɗa a 1492. Wannan ta yi maka nisa. Na zaɓi Albarrasin ne domin mutumin da ke son tarihi zai karanta shi a jikin garin da idonsa, ba sai an buɗe masa littafi ba.

Daga Balensiya tafiyar kimanin kilomita 180 ce, wato awa biyu da 'yan mintuna a mota. Babbar hanya mai lamba A-23 za ta kai ku Teruel, daga nan ku ratse ku bi ƙaramar hanya ta kusan kilomita 38. Akwai jirgin ƙasa daga Balensiya zuwa Teruel, amma motar haya daga Teruel zuwa ƙauyen kaɗan ce ƙwarai, kuma lokacinta ba zai dace da dattijo mai kaya ba. Ka ɗauki hayar mota in kana da lasisin da suke karɓa, ko ku yi shatar tasi daga Teruel, ka kuma shirya da direban ranar da zai dawo ya ɗauke ku.

A wannan ƙaramar hanyar kada ka yi gudu, domin ziyarar ta riga ta fara. Kogin da za ku riƙa bi ta gefensa sunansa Guadalaviar, daga Larabci "wadil abyad", wato farin kogi. A kusa da Teruel yake haɗuwa da wani kogin mai suna Alfambra, daga "alhamra'u", ja, saboda jar ƙasar da yake kwasowa. Daga mahaɗar tasu sunan ya koma Turia. Ka san dogon lambun nan da ya ratsa tsakiyar Balensiya, inda kuke motsa jiki da yamma? Tsohuwar hanyar kogin Turia ce, wadda aka karkatar bayan ambaliyar 1957. Ka gaya wa Baba cewa ruwan garin da ɗansa ke karatu ne kuke bi zuwa mafarinsa.

Za ku wuce ta wani ƙauye, Gea de Albarracín. Bayan kun bar shi, ka sa ido a jikin dutsen da ke gefen hanya, za ka ga ramuka a jere kamar tagogi. Magudanar ruwa ce ta zamanin Rumawa, mai tsawon kusan kilomita 25, wadda aka fafe a cikin dutse domin kai ruwan kogin zuwa garin Cella. Tagogin nan ta nan maginan ke fitar da ɓaraguzai, ta nan kuma haske da iska ke shiga. Ita Gea ɗin kanta tana da labari mai nauyi: mafi yawan mazaunanta jikokin Musulmi ne da aka tilasta wa shiga Kiristanci, waɗanda ake kira Morisco, kuma a 1610 aka kore su daga Aragon baki ɗaya, garin ya kusa zama kufai.

Da kun sha kwanar ƙarshe, Albarrasin zai bayyana a samanku. Yana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,100 daga gaɓar teku, mazaunansa kuma ba su wuce mutum 1,000 da 'yan kai ba. Kafin ku hau, ku tsaya a ƙasa ku ƙare wa wurin kallo, domin daga nan ne ake gane hikimar waɗanda suka zaɓe shi. Kogin ya yi wa wani dogon dutse ƙawanya ta ɓangare uku, ya haƙa kwazazzabo mai zurfi, sai ya bar gefe ɗaya tak da mahari zai iya biyowa, wato ta arewa inda wani tsauni ya fi garin tsayi. Duk wanda ya kama wannan tsaunin ya sami garin a ƙarƙashin ƙafarsa. Shi ya sa za ka ga ganuwar ta bar gidaje a baya, ta haura gangaren da babu kowa a kansa, ta je ta kama ƙololuwar, sannan ta sauko ta ɗaya gefen. Baƙi da yawa suna mamakin ganuwar da ta kewaye fili babu gida. Mutumin da ya san badalar Kano, wadda ta haɗe Dala da Goron Dutse da gonaki a cikinta, ba zai yi wannan mamakin ba. Ana shigar da tudu cikin ganuwa domin kada abokin gaba ya hau shi, filin kuma ya zama mafakar dabbobi ranar da aka rufe ƙofa. Hasumiyar da ke can ƙololuwa ana kiranta Torre del Andador, tun ƙarni na 10 take tsaye, zamanin da Ƙurɗuba, wato Córdoba ta yau, ke mulkin Andalus. Ta girmi mafi yawan ganuwar da ke manne da ita.

Sunan garin ma daga sunan wani gida ne: Banu Razin, Barbarawa 'yan ƙabilar Hawwara, waɗanda suka zauna a wannan yanki a ƙarƙashin Umayyawan Ƙurɗuba. Da halifancin ya fara wargajewa a farkon ƙarni na 11, kowane mai ƙarfi ya ja nasa yankin, sai Huzailu ɗan Razin ya kafa 'yar ƙaramar masarautarsa a nan. Gidansu ya riƙe ta kusan shekara 90, tsakanin manyan maƙwabta irin su Saraƙusɗa, wato Zaragoza ta yau, da Ɗulaiɗila, wato Toledo, da Balensiya, kuma dutsen nan da kogin nan ne suka tsare su. A 1104 Murabiɗai suka karɓe ta, mutanen da asalinsu daga Saharar yammacin Afirka ne. Wajajen 1170 garin ya koma hannun wani jarumin Kirista daga Navarra, Pedro Ruiz de Azagra, shi ma gidansa ya yi fiye da shekara 100 yana cin gashin kansa, ba ya yi wa sarkin Aragon ko na Kastila mubaya'a. Sai a 1284 Sarki Pedro na Uku na Aragon ya yi wa garin zobe na tsawon watanni har yunwa ta sa aka miƙa wuya. Ka lura da wannan: mai gari ya sauya, addini ya sauya, amma duk wanda ya zauna a kan dutsen nan sai ya ga yana iya ƙin bin kowa.

Fadar kanta, wadda za ka ga an rubuta "castillo" a allon nuni, tana kan wani curin dutse a can ƙuryar garin. Kada Baba ya sa ran ganin soraye da rufi. Abin da ya rage shi ne katangar waje mai zagayayyun hasumiyoyi, da tushen gidajen da masu haƙar tarihi suka tono. Amma tushen nan yana magana. Za ku ga tsarin gida mai tsakar gida a tsakiya da ɗakuna kewaye da ita, da wurin wanka mai ɗumi irin na hammam, da rijiyar tara ruwan sama wadda har yau Sifaniyawa ke kira "aljibe", daga Larabci "aljubb", kalmar nan da ta zo a ƙissar Annabi Yusuf. Duk fadar da za ka shiga a Sifaniya, ka fara neman wannan rijiyar, domin ita ke nuna kwana nawa mutanen ciki za su iya jurewa in an tsare su. Kogi yana nan ƙasa ana jin ƙararsa, amma ranar yaƙi saukowa gare shi sayar da rai ne. Wata gidauniya mai suna Fundación Santa María de Albarracín ce ke kula da fadar da babbar majami'ar garin ta ƙarni na 16 da gidan tarihi, kuma da ɗan rakiya ake shiga wasu daga cikinsu a ƙayyadaddun lokuta. Da isarku ka je ofishinsu ka karɓi tikiti, kada ka bari sai gobe. Da Sifaniyanci ake yin bayanin, don haka aikin tafinta ya hau kanka.

Abin da na fi ƙauna a garin ba fadar ba ce, gidajen talakawa ne. Duk garin launi ɗaya ne, wani ja-ja mai kama da jar kanwa, wanda ke sauyawa da motsin rana. Ba fenti ba ne. Yaɓe ne na wata farar ƙasa da ake haƙowa a yankin, mai sinadarin ƙarfe a cikinta, ana gasa ta a murhu a niƙa, sannan a shafe bango da ita. Ka sa Baba ya shafa bangon da tafin hannunsa, zai ji kaushinsa, zai ga inda magini ya bi da hannu. Hawan ƙasa na dutse ne, hawa na sama kuma katako ne aka gicciya aka cike tsakaninsa da wannan yaɓe. Tunda fili ya yi ƙaranci a kan dutsen, kowane hawa sai ya ɗan turo kai waje fiye da na ƙasansa, har ta kai a wasu lungunan indararon gidan nan ya kusa taɓa na gidan da ke fuskantarsa. Akwai wani gida da ake kira Casa de la Julianeta kusa da ƙofar Molina, a inda lungu ya rabu biyu: ƙasansa siriri, samansa ya buɗe ya karkace, ka rantse yau zai faɗi, ga shi kuwa ya ga ƙarnoni. Tagogin ƙanana ne saboda sanyi. A jikin tsofaffin ƙofofi kuma ku duba abin ƙwanƙwasawa, da yawansu maƙeran garin sun ƙera su da siffar ƙadangare, wutsiya a lanƙwashe, kan ya yi sumul saboda hannayen da suka riƙe shi. Tun 1961 gwamnati ta sa garin cikin wuraren tarihi na ƙasa, shi ya sa ba za ka ga wani ya kafa ginin siminti a tsakiyarsu ba.

Yanzu batun Baba da ƙafarsa, wanda shi ne gaba da komai. Garin nan babu miƙaƙƙen wuri. Mota tana tsayawa a ƙasa kusa da kogi, daga nan sai matattakala da daɓen duwatsu masu santsi in an yi ruwa. Ka saya masa takalmi mai kama ƙasa da ya rufe ƙafa, ka ajiye masa sandar dogarawa ko da ya ce ba ya so, kuma in babbar riga ya saba sawa, ranar nan kaftani ya fi, domin yana buƙatar ganin inda yake taka ƙafa. Kafin ka biya kuɗin masauki, ka kira su ka tambaya ko mota na iya kaiwa bakin ƙofa, da kuma ko ɗakin a hawan ƙasa yake. Yawancin masaukan tsofaffin gidaje ne da babu na'urar hawa bene. Daga dandalin tsakiyar gari, Plaza Mayor, zuwa majami'a da fada, dattijo mai lafiya zai iya, in ana tafiya ana hutawa. Sannu ba ta hana zuwa. Hawan ganuwa zuwa Torre del Andador kuwa ban ba shi shawara ba. Hanyar tsakuwa ce mai zamewa, a wurare da yawa babu abin riƙewa, saukowar ta fi hawan wuya. Kai ka hau, ka ɗauko masa hoto, shi kuma ya zauna a barandar da ke gefen dandalin, inda ake hango kwarin da kogin gaba ɗaya. Hanyar da ta bi gefen kogi ma tana da daɗi a farkonta, inda take shimfiɗe a inuwar bishiyoyi, amma can gaba akwai ƙananan gadoji da matattakala a jikin dutse. Ku yi iya abin da ya sawwaƙa ku juyo.

Sanyin wurin ba abin wasa ba ne. Lardin Teruel yana cikin wuraren da suka fi ko'ina sanyi a Sifaniya; a garin Calamocha da ke lardin an taɓa auna digiri 30 ƙasa da sifili a watan Disamban 1963. Kada zafin Balensiya ya ruɗe ka. Ko a watan Yuli, da rana ta faɗi sai ka nemi rigar sanyi. In kana da zaɓi, ku je a Mayu ko Yuni, ko kuma daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, lokacin da ganyen bishiyoyin bakin kogi ke komawa ruwan ɗorawa su haɗu da jan garin. Ku guji watan Agusta da makon Ista da ƙarshen mako, ku zaɓi tsakiyar mako.

Abinci sai ka yi taka-tsantsan, domin abin alfaharin lardin nan shi ne busasshiyar cinyar alade da suke kira "jamón", kuma tana shiga inda ba ka zata ba. Na taɓa zama a wani gidan abinci a yankin, na ce wa mai kawo abinci ba na cin nama, ta ce to ga miyar tafarnuwa da burodi, babu nama a ciki. Da aka kawo, sai ga 'yan jajayen gutsattsari suna yawo a sama. Na nuna mata, ta ce da zuciya ɗaya ai wannan ba nama ba ne, "jamón" ne. Ba yaudarata ta yi ba, haka suke ɗaukarsa, kamar yadda muke ɗaukar daddawa a miya. Don haka ka ambaci abin da sunansa: "sin cerdo, sin jamón, sin chorizo", wato ban da alade, ban da "jamón", ban da tsiran alade. Ka kuma tambayi "manteca", wato kitsen alade, wanda ke shiga kayan fulawa da wani abincin ɓarɓashin burodi mai suna "migas". Kifin kogi da suke kira "trucha" yana da kyau, amma sau da yawa ana cusa masa yankin "jamón" a ciki kafin a soya, sai ka ce a gasa maka shi zalla. Wainar ƙwai da dankali, cukun tumaki na yankin, zuma, burodi da salak, duk za su riƙe ku. Naman ɗan rago da Aragon ta yi suna da shi, "ternasco", maganar yanka ce, wannan kuwa kai da Baba kun fi ni sanin matsayarku. Abin da na saba yi shi ne in taho da dafaffen nama daga mahautan Musulmi na Balensiya. Akwai wani kayan zaƙi na garin da ake kira "almojábanas", sunansa daga Larabci "almujabbana". Ka tambayi da wane mai aka yi kafin ka saya. Ka kuma san lokutansu: abincin rana daga ƙarfe ɗaya da rabi zuwa uku da rabi, na dare sai wajen tara, tsakanin nan kicin a rufe yake.

Salla a masauki za ku yi, don haka ku taho da darduma, Juma'a kuma ku yi ta a Balensiya kafin ku tashi ko bayan kun dawo. Ka tuna wa Baba cewa alƙibla a nan gabas ce mai karkata kudu, saɓanin yadda ya saba a gida inda take karkata arewa. In a Yuni kuka je, magariba sai bayan tara da rabi na dare, isha'i kuma sai an haura sha ɗaya. Wannan doguwar yammar ita ce ribar kwanan da nake ta nanata maka. Wajen ƙarfe shida motocin baƙi sun watse, garin ya koma hannun masu shi. Tsofaffi su fito su zauna a dandali, tsuntsaye su cika sararin kwarin, ganuwar ta yi jawur kamar garwashi kafin duhu, sannan a kunna mata fitilu ta bayyana a jikin tsaunin daga ƙasa har sama. Da asuba kuma, bayan kun idar, ka fita da shi lungu ɗaya ko biyu kafin kowa ya tashi. Ba za ku ji komai ba sai kogin da takun ƙafarku. Ka gaishe da duk wanda kuka haɗu da shi da "buenos días", domin a ƙauye suna lura da wanda ya wuce bai yi gaisuwa ba, kuma kada a ɗauki hoton ƙofar da ke buɗe. Gidan mutane ne.

A hanyar komawa ku ba Teruel awa biyu ko uku. A can ne hasumiyoyin da ake kira "mudéjar" suke, waɗanda magina Musulmi suka gina wa majami'u bayan mulki ya koma hannun Kiristoci, da jan bulo da fale-falen tangaran kore da fari, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1986. Biyu daga cikinsu, San Martín da El Salvador, na farkon ƙarni na 14 ne. Ana hawa ta El Salvador, kuma in ka shiga za ka tarar hasumiya biyu ce, ɗaya a cikin ɗaya, matattakala na zagayawa a tsakaninsu, daidai tsarin hasumiyar masallatan zamanin Muwahhidai, waɗanda suka mulki Andalus bayan Murabiɗai. Matattakalar ta haura 100 kuma matsattsiya ce, saboda haka Baba ya tsaya a ƙasa. Titi ne ya ratsa ta ƙarƙashin hasumiyar, daga tsakiyarsa zai ɗaga kai ya ga adon bulon gaba ɗaya.